Moton Kafinta da Hannun Baba Tagulla

Tun da ya taso daga jinya, kowa a gidan ya koma miƙa masa abu ta hagu. Kofin shayi ta hagu, waya ta hagu, har buta sai a ajiye masa ta hagu. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai ce ba, amma yana gani. Ai ciwon a hannu ya taɓa shi, ba a ido ba.

Baba Tagulla ake ce masa, saboda wayar tagulla da ya tsufa yana naɗawa. In moto ya ƙone, wato injin nan da lantarki ke juyawa ya ja famfo ko zarto ko injin niƙa, wurinsa ake kawowa. Ya farke cikinsa, ya zare ƙonanniyar waya, ya naɗa sabon kwayil yana ƙirga zagaye a zuci, ya jera a ramuka, ya shafe da banish, ya gasa. Aiki ne na hannu da na kai. Ka yi kuskuren ƙirga a layi ɗaya cikin layuka uku na wutar da ke shiga moto, masu waya ja da rawaya da shuɗi, moto zai juya lafiya kamar ba komai, sai an kwana biyu ya dafa kansa.

Hawan jini ne ya kayar da shi a ƙofar shago, ɓarin dama ya so ya shanye. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, baki ya dawo, har ya fi da kaifi in ji matarsa. Hannu ma ya dawo, sai dai da 'yar rawa, kuma ƙananan yatsu biyu sun koyi lalaci. Likita ya ce ya yi aiki daidai ƙarfinsa. Matarsa ta ce ita ba ta ji likita ya faɗi haka ba.

Aikin farko da ya karɓa na ƙanin matarsa ne, Kafinta, mai wurin tsaga katako a ƙarshen layin masu sana'a. Babban motonsa ya ƙone tun Baba Tagulla na kwance a asibiti, ya ƙi kai wa kowa. Ya yi ta maneji da wani ɗan injin dizal na aro mai tari kamar tsoho, yana cewa shi mijin yayarsa zai jira. Da Baba Tagulla ya ji haka sai da ya juya fuska ya share ido, sannan ya ce wa Kafinta rowa ce ta hana shi zuwa wani wuri.

Ya naɗa moton. Bai yi wata ba ya ƙone.

Wannan abu ya dake shi fiye da ciwon. Duk tsawon sana'arsa aikinsa bai taɓa dawowa da warin ƙuna ba. Ya sake farkewa, ya sake naɗawa, a wannan karon yana ƙirga da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Kafin ya mayar da sandar tsakiya ya yi gwajin da ya gada wurin maigidansa: ya ba kwayil wuta kaɗan, ya jefa ɗan ƙwallon ƙarfe na boris a cikin ramin. In naɗi ya yi daidai, ƙwallon zai kama zagaye shi kaɗai, yana bin ƙarfin maganaɗisun da layuka ukun ke miƙa wa juna, ja ya ba rawaya, rawaya ya ba shuɗi. Ƙwallon ya yi ta gudu sumul, ba tuntuɓe ba tsayawa. A da, wannan ya ishe shi shaida. Yanzu kuwa ya tsaya yana kallon ƙwallon yana tunanin ko shi ma tausayinsa yake ji.

Ranar da aka ɗauki moton matarsa ta tare shi a ƙofar ɗaki.

“Baban Auta, ni dai ba zan sake tsintar ka a ƙasa ba. Ka yi mini alkawari.”

“Wane iri?”

“In wannan ma ya ƙone, ka haƙura. Hannu ya gaji, ba abin kunya ba ne.”

Ya dube ta. “Ba sai ya ƙone ba,” ya ce. “In ya yi zafi kawai, makullin shago naki ne.”

To, maganar ba ta yi nisa ba ta dawo. Wata safiya yana zaune a falo ya ji ana ƙus-ƙus a kicin. Mata dai in sun rage murya, to maganarka ake. Matarsa ce da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ta yi karatun lantarki take aiki da wani kamfanin haɗa sola. Ya ji an ce “fanka”, ya ji an ce “jiƙaƙƙen buhu”, ya ji an ce “kada Baba ya sani”. Bai buƙaci ƙari ba. Ashe Kafinta fanka ya kafa wa moton, yana lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu kamar mai zazzaɓi, don kada labari ya iso gida.

Bai yi faɗa ba, abin da ya ba shi mamaki shi kansa. Washegari da sassafe ya sa kayan aikinsa, ya zaro makullin shago ya ajiye a kan tebur kusa da filas, inda ba yadda za a yi ta ƙi gani. Ya ce zai je ya gani da idonsa, don mutum ba ya binne abin da bai ga gawarsa ba. Auta ta fito da jakarta ta na'urori a kafaɗa.

“Ina za ki, Uwata?”

“Raka ka zan yi, Baba.”

“Raka ni, ko shaida za ki yi wa uwarki?”

Ta buɗe masa ƙofar mota. Ya san amsar. Ita ma ta gama yanke hukunci cewa hannun ne, so take na'ura ta faɗa masa don kada bakin 'yarsa ya faɗa. Bai ji haushinta ba. Tausayin kansa ya ji, wanda ya fi haushi ɗaci.

Wurin Kafinta rumfa ce doguwa ta kwano, garin katako har idon sawu, ƙamshin ɗanyen itace ya cika ko'ina. Kafinta na ganinsu ya yi wuf ya ture fankar da ƙafa bayan tarin katako, amma ya manta da buhun.

“A'a, mijin Yaya! Da sassafe haka? Ko an kore ka ne?”

“An kore ni. Wannan buhun fa, moton ne ke jin sanyi?”

Kafinta ya sosa ƙeya. “Ƙura nake kare masa.”

“Da ruwa? Allah ya shirye ka. Tayar mini da shi.”

Aka danna makunni. Moton ya tashi, bel ya kama, zarto ya fara cin katako. Baba Tagulla ya zaro dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin moton, ya manna kunne a ƙotar. Haka yake sauraren cikin inji tun yana saurayi. Murya ɗaya ya ji, mai kauri, a miƙe, irin wadda yake so. Ya taɓa jikin da bayan hannun hagu, ɗumi kawai. Suka zauna a kan gungume, ma'aikata na ta tura katako, rana na ɗagawa. Moton ko gezau.

“Da safe haka yake, lafiya lau,” in ji Kafinta a hankali. “Sai hantsi ya yi yake fara halinsa.”

Baba Tagulla bai ga abin murna a nan ba. Naɗin da ke da aibi ma haka yake, sai ya sha aiki yake tona asirin mai shi. Ya zauna yana jira kamar mai jiran sakamakon asibiti, hannun dama a cikin aljihu don kada a ga yana rawa.

Hantsi ya yi. Ya tashi ya sake manna kunne, sai ya ɗaure fuska. Muryar farko na nan, amma wata ta shigo ƙarƙashinta, siririya, mai zizar tsiya kamar sauro a cikin kunne. Ya ɗaga kai, ya sake mannawa. Tana nan. Ba a jima ba jikin moton ya fara hana hannu zama.

“Kashe,” ya ce. “Uwata, zo ki yi abin da ya kawo ki.”

Auta ta cire wuta, ta buɗe akwatin wayoyin moton, ta auna layukan naɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kallon ubanta. Ta auna na farko, ta auna na biyu, ta auna na uku, sai ta tsaya. Ta goge bakin wayoyin ta sake daga farko.

“Faɗi mana,” in ji shi. “Wanne na cuta?”

“Baba, duka ukun daidai suke.”

“Kada ki lallashe ni. Ni ba yaro ba ne.”

“Wallahi ba lallashi ba ne. Zo ka gani. Ko na kamfani ban cika samun sun zo kai ɗaya haka ba.”

Ya leƙa. Ya san karatun wannan na'urar, ba yau ya fara ba. “To in naɗi lafiya, uban me ke dafa shi?”

Auta ta ciji leɓe. Ya san wannan cizon, tun tana ƙarama in lissafi ya ƙi fita haka take yi. Ta mayar da wayoyi, ta zaro wata na'ura mai ɗan allo, ta maƙala mata baki a layukan wutar da ke shigowa daga waje, ta ce a tayar. Wani zane ya fito a allon. Ta ce lafiyayyar wuta zanenta hawa da sauka ne sumul, kamar igiyar da aka kaɗa. Wannan kuwa duk ya yi ƙusumbi, kansa a dakushe, gefensa da haƙora.

“Baba, ba moton ba ne. Abincin da ake ba shi ne da tsakuwa.”

“Yi mini Hausa.”

“Mu a wajen aiki hamonik muke ce masa. Wasu ƙananan igiyoyin wuta ne da ke hawa kan babbar, sun fi ta sauri. Ka ga wannan dogon sandan a allo? Shi ne na biyar, ya ninka wutar gaske sau biyar a sauri. Kuma mugun abin, shi jerinsa a juye yake. Wutar gaske tana tafiya ja, rawaya, shuɗi. Shi kuwa ja, shuɗi, rawaya.”

Baba Tagulla ya yi tsai. Wannan ai yarensa ne. Kowane mai naɗi ya san in ka musanya waya biyu cikin ukun, moto baya zai juya.

“Kina nufin a cikin moton nan akwai mai tura shi baya?”

“Shi ke nan, Baba. Kamar ƙarti uku na tura mota gaba, wasu yara sun tsaya a gabanta suna turo ta baya. Ba za su hana ta tafiya ba, amma ƙartin za su yi gumi. Gumin ne zafin nan. Zizar da ka ji kuma kokawar ce.”

“To su waye iyayen yaran?” in ji Kafinta. “A nuna mini su.”

Auta ta ce irin wannan datti daga injina na zamani yake fitowa, masu akwatin sarrafa gudu, waɗanda ba sa shan wuta a miƙe sai dai su yi ta gutsurarta. In taransifomar unguwa ƙarama ce, kuma kana ƙarshen layi, dattin maƙwabci sai ya shigo maka gida. Baba Tagulla bai bari ta ƙarasa ba, ya ɗaga hannu a yi shiru. Ta bayan katanga wani gunji na tashi wanda babu shi da safe.

“Wancan fa?”

“Mai Roba ce,” in ji Kafinta. “Masu narka roba suna yin bokitai. Ba sa farawa da wuri, sai hantsi.”

Ya faɗi kalmar hantsi, sai ya ji abin da ya faɗa, bakinsa ya tsaya a buɗe.

Mai Roba mace ce babba mai fara'a, da tabarau a goshi da wani a ido. Suka zagaya wurinta, ta saurare su har ƙarshe, ta ce ita ba ta san ja da shuɗi ba, amma ta san haƙƙin maƙwabci. Ta ce wa ma'aikatanta su kashe komai su je su sha ruwa. Suka dawo rumfar Kafinta da sauri, Baba Tagulla na gaba, ya manta ma da cewa ƙafarsa ba ta son sauri.

Zanen da ke allon ya miƙe, ƙusumbin ya kwanta. Ya manna kunne a sukundireba. Murya ɗaya tal, sauron ya tafi. Zarto na cin katako kamar ɗazu, nauyin aiki bai ragu ba, amma a hankali zafin jikin moton ya fara sauka. Auta ta leƙa ta katanga ta ce a kunna. Zizar ta dawo. Ta ce a kashe. Ta tafi. Baba Tagulla ya sa aka yi ta maimaita haka har Mai Roba ta leƙo ta ce, “Baba, robata fa za ta daskare a cikin inji!”

Ya koma ya zauna a kan gungumen. Can ya ɗago ya dubi Kafinta.

“Kai, zo nan. Yaushe matar nan ta buɗe wurinta?”

“Kana asibiti.”

“Moton fa, yaushe ya fara ƙonewa?”

“Kana asibi…” Kafinta ya haɗiye sauran.

“A lokacin naɗin wa ke cikinsa? Nawa?”

“Na kamfani ne. Tun da na saye shi ba a taɓa buɗe shi ba.”

“To! Naɗin kamfani ya ƙone ina kwance ko cokali ba na iya riƙewa. Shi ma hannuna ne?”

Auta ta sunkuyar da kai, ta ce, “Baba, ka yafe mini. Da na tambayi wannan tun farko.” Ya ce ta bar shi, shi da ke da hannun ma bai tambaya ba. Abin a fili yake kamar hanci a fuska, amma duk gidan, har da shi, ido na kan yatsu biyun nan, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi waya a kan falwaya. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ke zuwa da hawaye, ya yi ta yi har ma'aikata suka tsaya suna kallo. Wani nauyi da ya ɗauka tun ranar da moton ya dawo da wari ya sauka daga ƙirjinsa, har ya ji yunwa.

“Kai kuma,” ya ce wa Kafinta yana share ido, “likitan buhu. Gara ka bar shi ya ƙone da ka kashe ni da raina.”

“Ni da na rufa maka asiri?”

“Asirin wa? Asirin bokiti ka rufa!”

Maganin ma bai yi nisa ba. Da Auta ta shiga duba injinan Mai Roba, ta tambaya ko ba su zo da wasu akwatuna masu nauyi ba. Mai Roba ta ce sun zo da su mana, wanda ya haɗa mata ya ce ko babu su inji zai yi aiki, ga su can. Aka duba, sai ga su a lungu an shimfiɗa musu leda, an jera kofunan shayi a kai. Matatar wutar ce ma'aikata suka mayar tebur. Auta ta ce za ta zo da abokan aikinta su ɗaura su, a kuma nemi masu wuta su duba taransifomar. Kafin nan aka yi sulhu: Kafinta ya tsaga manyan gungume da safe, in robar ta tashi ya koma ƙananan ayyuka. Mai Roba ta ce ita yanzu damuwarta ina za a ɗora shayi. Kafinta ya ce zai yi mata tebur, ai shi katako bai taɓa yi masa wuya ba.

Kafin su tafi Baba Tagulla ya koma wurin moton shi kaɗai. Ya zaro hannun dama daga aljihu ya ɗora a jikinsa. Hannun na rawa, moton ma na rawa, ba ka iya gane ta wane ce. Ya bar shi a nan har sai da Auta ta yi masa hon.

A hanya ta so ta kira uwarta, ya hana. Ya ce wannan labari da bakinsa zai kai shi. Amma da suka shiga gida ya ga fuskar matarsa, ya san an riga shi. Kafinta ai bakinsa ba ya riƙe ruwa, balle jiƙaƙƙen labari irin wannan.

Tana tsaye a bakin tebur. Makullin na nan inda ya ajiye shi, ko matsar da shi ba a yi ba, an dai goge teburin an kewaye shi.

“An ce wuta ce,” ta ce.

“An ce.”

“An ce naɗinka ya fi na kamfani.”

“Wannan ƙarin gishirin ƙaninki ne. Daidai dai suke.”

Ta yi tsaki, amma idonta ya cika. “Ni yanzu shi ke nan, na koma wankin kaya masu banish. Kuma wallahi ka ji na rantse, azahar ta yi ka rufe ka dawo ka sha magani, ko in zo in rufe da kaina a gaban mutane.”

“Na ji.”

“Ba ka ji ba, na san ka.”

Ta ɗauki makullin. Shi kuma, don sabon da aka yi masa a watannin nan, sai ya miƙa hannun hagu. Ta dubi hannun, ta ture shi gefe kamar yadda ake ture hannun yaro daga kwano. Ta kamo na daman, ta buɗe tafin, ta ɗora makullin a tsakiya, ta tsaya tana jira. Manyan yatsu suka rufe nan take. Ƙananan biyun suka yi nawarsu da suka saba, suna rawa, suna tahowa a hankali. Ba ta taya su ba, ba ta kuma ɗauke ido ba, har sai da suka iso.

“To,” ta ce, ta juya ta nufi kicin tana goge fuska da gefen mayafi. “Auta, kawo wa babanki abinci. Ki ajiye masa ta dama.”